Yadda ake gane kifin dutse a gaɓar Bahar Maliya, da yadda ake taimakon wanda ya taka shi

Hausawa sun daɗe a gaɓar Bahar Maliya, tun zamanin da ake tafiya aikin Hajji a ƙasa ana tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, kuma har yanzu akwai zuriyarsu a Fot Sudan da biranen Hijaz. Ban da mazauna, akwai alhazai da masu Umara da ke zuwa shan iska a bakin tekun Jidda, da ɗaliban da ke karatu a Masar waɗanda kan je Hurgada ko Sharm El-Shaik lokacin hutu, da 'yan kasuwar da harka ke kai su Mombasa da Zanzibar. Yawancinsu sun tashi ne a inda ruwan da aka sani shi ne kogi da tafki da dam, saboda haka idan suka ga ruwan teku garau, bai wuce gwiwa ba, sai su tuɓe takalmi su shiga da zuciya ɗaya. A irin wannan ruwa ne kifin dutse yake kwanciya, kuma masana sun sanya shi a sahun gaba na kifayen da suka fi kowane dafi a duniya. Ba ya bin mutum, ba ya cizo, ba ya kai hari. Mutum ne yake zuwa da ƙafarsa ya taka shi, kuma abin da aka yi a rabin sa'ar farko bayan takawar shi ne yake rage azaba ko ya ƙara ta.

Mataki na farko: ka san kamanninsa

Sunansa a wajen masana Synanceia verrucosa, kuma wasu Jamusawa biyu, Bloch da Schneider, su ne suka bayyana shi a rubuce a shekarar 1801. Tsawonsa yakan kai santimita 30, manyansa su kai 40, nauyin babba kuma yakan kai kilo 2 ko ya ɗan wuce. Jikinsa a dunƙule yake, kai babba, wutsiya ƙarama wadda yakan lanƙwashe ta gefe idan ya kwanta. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye. Fata ce mai kauri cike da gudaje-gudaje, wadda laka da yashi da gansakuka suke mannewa a kanta. Launinsa ruwan ƙasa ne ko ruwan toka, da ɗigo-ɗigon ja ko rawaya ko ruwan lemo, daidai da launin matattun duwatsun murjani da yake kwanciya a cikinsu. Lokaci-lokaci yakan saɓule tsohuwar fatar ya fito da sabuwa.

Wanda yake son ya bambance shi da dutse na gaskiya, abu uku zai nema. Na farko shi ne baki, wanda yake kallon sama, ya zama wani lanƙwasasshen layi a saman gaban kai. Na biyu shi ne idanu, ƙanana ƙwarai, a can saman kai, da ɗan rami a bayan kowannensu. Na uku shi ne fiffiken gefe, manya masu nama, waɗanda yake shimfiɗawa a ƙasa, kuma da su yake tonon yashi ya binne kansa har sai baki da idanu da tsakiyar baya kaɗai suka rage a waje.

Makaminsa yana kan baya. Ƙayoyi ne guda 13 a jere daga bayan kai zuwa kusa da wutsiya, kowace a lulluɓe da fata, kuma a jikin kowace akwai jakar dafi biyu, ɗaya a kowane gefe. Akwai wasu ƙayoyi 3 a fiffiken ƙasa na kusa da wutsiya, da ɗaya a kowane fiffiken ciki, amma na bayan ne suke yi wa mutane illa. Idan ya ji motsi kusa da shi sai ya miƙar da su tsaye. Idan ƙafa ta sauka a kai, ƙayar ta huda fata, nauyin mutumin ya tura lulluɓin ƙasa, lulluɓin ya matse jakunkunan, dafin ya bi wani siririn kwari da ke jikin ƙayar ya shiga cikin nama. Wato ƙarfin takawar ne yake auna yawan dafin da zai shiga, shi ya sa wanda ya yi tsalle ya dira a kansa ya fi wanda ya goge shi da gefen ƙafa shan wahala nesa ba kusa ba.

A nan ya kamata in faɗi abin da na ɗauka shi ne mafi muhimmanci game da wannan mataki. Sanin kamanninsa yana da amfani ga masunci da ya ciro shi a raga, da mai nutso da ke kallon ƙasa da gilashin ido, da wanda zai yi wa likita bayani. Amma ga mai tafiya a cikin ruwa yana kallo daga sama, ido ba zai cece shi ba, domin ko ƙwararrun masu nutso sukan wuce shi a tazarar kamu ɗaya ba su lura ba. Saboda haka kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka cewa yanzu ya iya hango shi.

Mataki na biyu: ka san inda yake zama da halayensa

Kifin dutse ɗan ruwan ɗumi ne. Ana samunsa daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka, ya ratsa Tekun Indiya, har zuwa kudancin Japan da arewacin Ostireliya da tsibiran tsakiyar Tekun Fasifik. A shekarar 2010 an kama shi a gabashin Bahar Rum, inda ba a san shi ba a da, kuma ana ganin ta Mashigin Suwez ya shiga, kamar yadda wasu kifayen Bahar Maliya da yawa suka yi tun da aka buɗe mashigin a 1869. Babu shi a Tekun Atilantika, don haka mai wanka a Legas ko Kwatano ko Akara ba zai gamu da shi ba, ko da yake akwai danginsa masu ƙayar dafi a can, waɗanda dafinsu bai kai nasa ba, kuma taimakon farko iri ɗaya ake yi musu.

Yana zama daga bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, har zuwa zurfin mita 30. Wuraren da ya fi so su ne shimfiɗar duwatsun murjani da ke tsakanin gaɓa da zurfin teku, da inda ɓaraguzan murjani suka haɗu da yashi, da ƙarƙashin leɓen dutse, da ƙananan kududdufan da ruwa ke bari idan teku ta janye. A tsakiyar Bahar Maliya, wajen Jidda da Fot Sudan, cikowa da janyewar teku na kullum kaɗan ne, don haka haɗarin yana wajen shiga ruwa a kan shimfiɗar duwatsu. A gaɓar Kenya da Tanzaniya kuwa ruwa yakan janye da nisa sosai sau biyu a rana, ya bar fili mai faɗi da mutane ke shiga suna tsintar abin teku, kuma matan Zanzibar masu noman ciyawar teku suna cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari, tunda a wannan fili suke yini.

Shi kaɗai yake zama, kuma yakan shafe kwanaki a wuri ɗaya bai motsa ba. Ba shi da jakar iskar da ke taimaka wa yawancin kifaye yin iyo a tsakiyar ruwa, saboda haka a ƙasa yake, idan ya tashi ma ɗan tsalle yake yi ya sake kwanciya. Abincinsa ƙananan kifaye ne da jatan lande da ƙananan ƙaguwa. Yana jira har abin ya zo daidai bakinsa, sai ya wage baki ya zuƙe shi tare da ruwa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. An auna wannan da kyamara mai ɗaukar hoto da sauri aka ga kusan kashi 15 cikin 1000 na daƙiƙa ne. Ba ya farauta da dafin, na kare kai ne kawai. Hali biyu nasa ne suka sa ya zama haɗari ga mutane. Ɗaya, ba ya gudu idan an tunkaro shi, domin duk dogaronsa a kan ɓuya yake. Biyu, yana iya rayuwa a wajen ruwa har kusan yini da kwana idan jikinsa da danshi, don haka dunƙulen da ke kwance a kan jiƙaƙƙen yashi bayan janyewar teku yana iya zama rayayyen kifi.

Mataki na uku: yadda ake shiga ruwa

Kafin ka shiga, tambayi masuntan wurin ko masu tsaron gaɓa ko ana samun kifin a nan, kuma ka zaɓi wurin wanka mai yashi zalla wanda jama'a suka saba da shi. Ka sa takalmi mai rufe ƙafa duka, mai kaurin tafi, irin wanda masu nutso ke sawa. Silifas ba kariya ba ne, kuma takalmi mai siririn tafi ƙaya tana iya huda shi. Ko mai kaurin ma rage zurfin huda yake yi, ba tabbas ne na hanawa ba. Cikin ruwa kada ka riƙa ɗaga ƙafa kana dirawa. Ka riƙa jan ƙafa a ƙasa sannu-sannu, ta yadda idan akwai kifi a gabanka gefensa za ka tura, ba bayansa za ka hau ba. Kada ka yi tsalle daga kwalekwale zuwa ruwa mara zurfi, kada ka zauna ko ka durƙusa a kan ɓaraguzai, kada ka zura hannu ƙarƙashin dutse, kada kuma ka ɗauki wani dutse don ya ba ka sha'awa. Yara su ne suka fi son tsince-tsince a kududdufai, kuma dafin ya fi yi musu illa saboda ƙanƙantar jiki, don haka a gaya musu tun a gida, a kuma sa musu ido.

Ga masunta, idan ya faɗo a raga ko ƙugiya, kada a kama shi da hannu ko da an sa safar hannu. A yanke zaren, ko a yi amfani da doguwar awartaki, a mayar da shi ruwa mai zurfi nesa da wurin wanka. Kada a shure shi da ƙafa, kada a jefar da shi a kan gaɓa, kada a bar shi a ƙasan kwalekwale inda ake takawa, domin dafin yana nan da ƙarfinsa sa'o'i da yawa bayan kifin ya mutu.

Duk mai zuwa irin waɗannan wurare da iyali, yana da kyau ya tafi da filas ɗin ruwan zafi da bokiti ko roba mai ɗaukar ƙafa, ya kuma san asibitin da ya fi kusa tun kafin ya bar masauki.

Mataki na huɗu: idan an taka

Alamar farko ita ce raɗaɗi mai tsanani nan take, wanda yake ƙaruwa cikin sa'a ta farko yana hawa sama daga wurin hudar. Za a ga ɗan rami ɗaya ko biyu ko fiye, wani lokaci a jere, kewayensu ya yi shuɗi-shuɗi, sannan kumburi ya fara. Wasu sukan yi gumi da amai da jiri, wasu su suma, kuma idan dafin ya yi yawa yakan taɓa bugun zuciya da numfashi. Mutuwa daga wannan huda ba ta da yawa, amma ta faru. A 2010 wani mai koyar da nutso ya rasu a Okinawa ta ƙasar Japan bayan ya taka kifin a ruwa mara zurfi.

Abu na farko shi ne a fitar da mutumin daga ruwa, a riƙe shi da kyau, domin zafin ciwon kaɗai yana iya sa ya faɗi ya sha ruwa a wurin da bai kai ƙugu ba. A kwantar da shi ko a zaunar da shi, a cire zobe da agogo da duk abin da ke zagaye da gaɓar kafin kumburi ya kama su, a sa wani ya kira motar asibiti ko ya shirya abin hawa. A wanke wurin da ruwa mai tsabta. Idan akwai guntun ƙaya ko fata a saman ciwon wanda zai fita cikin sauƙi, a cire shi a hankali. Wanda ya nutse cikin nama a bar wa likita. Idan jini yana zuba, a danna wurin da tsumma mai tsabta har ya tsaya.

Daga nan sai ruwan zafi, kuma shi ne zuciyar taimakon farko. Dafin wannan kifi sinadarin furotin ne, zafi kuma yana lalata irinsa kamar yadda yake daskarar da farin ƙwai, kuma abin da aka tabbatar a asibitoci shi ne tsoma gaɓar a ruwan zafi yana rage raɗaɗi ga mafi yawan waɗanda aka yi wa. Zafin da ake so shi ne tsakanin digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyos, kada ya wuce haka. Inda babu ma'auni, a zuba kofi ɗaya na tafasasshen ruwa a kan kofi huɗu na ruwa mara zafi, a ci gaba da wannan awo har ruwan ya isa rufe ciwon, sannan mai taimako ya tsoma nasa hannun ya bar shi a ciki na ɗan lokaci. Idan shi bai iya jurewa ba, ruwan ya yi zafi da yawa. Wannan gwaji wajibi ne, saboda wanda aka huda ba zai iya bambance zafin dafi da zafin ƙuna ba, kuma an sha kai mutane asibiti da ƙunar ruwa a kan hudar kifi. Wata dabara mai kyau ita ce ya tsoma lafiyayyar ƙafar tare da mai ciwon. A bar gaɓar a ciki minti 20, a fitar da ita ta ɗan huta, a sake mayarwa idan raɗaɗin ya dawo, ana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan bayan an janye ƙafar daga bokitin. Ana iya maimaita haka har zuwa kamar sa'a ɗaya da rabi. Idan babu filas, a nemi ruwa wajen mai shayi ko gidan abinci na kusa, ko a yi amfani da ruwan zafin banɗaki a masauki. Kada neman ruwa ya hana tafiya asibiti. Idan zai yiwu a ɗora bokitin a mota a ci gaba a hanya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da mutanenmu. Wanda ya tashi a ƙasar macizai da kunamu, da ya ji an ce dafi, hannunsa zai tafi neman igiya da reza. Kada a ɗaure ƙafar, ko da igiya ko da rawani ko da bandeji mai matsi, domin ɗaurin yana tare dafin a wuri ɗaya, ya ƙara azaba, ya ƙara lalata naman wurin, ya kuma hana jini zuwa inda kumburi ya riga ya matse. Kada a tsaga, kada a tsotsa da baki, kada a ɗora baƙin dutse, kada a ƙona wurin da taba ko garwashi, kada a zuba kananzir ko man birki ko toka ko garin magani. Babu ɗayansu da yake fitar da dafin, dukkansu kuma suna buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Ana iya ba shi farasitamol, amma kada a sa ran shi kaɗai zai kwantar da irin wannan raɗaɗi. Idan ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa. Idan numfashi ya tsaya, a fara danna ƙirji ba tare da jira ba har masu agaji su iso.

Mataki na biyar: a asibiti

Duk wanda ake zaton kifin dutse ne ya huda shi, a kai shi asibiti ko da ruwan zafi ya kawo sauƙi. A gaya wa likita lokacin da abin ya faru, da irin wurin, da yawan ramukan, da abin da aka riga aka yi. Idan an ɗauki hoton kifin daga nesa a nuna, amma kada a koma neman kama shi. Likita zai iya ba da allurar kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ko ya kashe wurin da allura, kuma daga lokacin da aka kashe wurin a daina ruwan zafi, tunda fatar ba ta ƙara jin ƙuna. Za a wanke ciwon sosai, a ɗauki hoto ko a yi sikanin idan ana zaton guntun ƙaya ya rage, a yi allurar rigakafin tetanus ga wanda tasa ta daɗe.

Akwai makarin wannan dafi. An fara haɗa shi a 1959 a cibiyar haɗa magunguna ta CSL da ke Malbon a Ostireliya, daga jinin dawakin da aka saba musu da dafin. Ana ba da shi ga wanda raɗaɗinsa ya ƙi jin sauran magunguna, ko wanda dafin ya taɓa masa zuciya ko numfashi, kuma yawan ramuka ne ake dubawa: kwalba ɗaya ga huda ɗaya ko biyu, kwalba biyu ga huda uku ko huɗu, kwalba uku ga abin da ya wuce haka. Da yake daga jinin doki ake samunsa, jikin wasu yakan ƙi shi, don haka a asibiti kaɗai ake yin allurar, kuma wanda ya taɓa karɓar makarin dafin maciji ya sanar da likita. Ba kowane asibiti ne yake ajiye shi ba, kuma mutane da yawa sun warke ba tare da shi ba, da kulawa da maganin raɗaɗi kawai.

Bayan an koma gida, a riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi, a riƙa wanke ciwon ana sauya bandeji kullum, kada a koma ruwan teku sai ya rufe. Kumburi yakan ɗauki kwanaki ko makonni, wani lokaci kuma fatar da ke kewaye da ramin takan mutu ta zama gyambo mai jinkirin warkewa. Ruwan teku mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Vibrio, masu saurin yaɗuwa a cikin nama, musamman ga masu ciwon suga da masu ciwon hanta. Saboda haka idan aka ga ja yana faɗaɗa, ko mugunya, ko ƙuraje masu ruwa baƙi-baƙi, ko zazzaɓi, ko raɗaɗin ya dawo bayan ya lafa, a koma asibiti a ranar, kuma a tuna wa likita cewa a cikin ruwan teku aka samu ciwon, domin hakan yana sauya irin maganin da zai zaɓa.